Kwana Goma Sha Ɗaya Babu Magani

Yalwa ta ɗora masa ƙwayar a tafin hannu, amma hannun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Rawa yake yi, har 'yar ƙwayar ta gangara ta faɗi gefen tabarma. Ta durƙusa da ƙyar, don cikin wata bakwai ba ya barin mace ta sunkuya yadda take so, ta lalubo ta, ta hure mata ƙasa, sannan ta sa masa a baki da kanta. Maccido, mijinta, ya kai kofi baki, haƙoransa na bugun ƙarfen, rabin ruwan ya zube a gaban rigarsa.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce, maganar na fita a dagule, don harshensa ya kumbura inda ya cije shi jiya.

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta amsa can ƙasan maƙoshi, ta juya tana gyara murfin gwangwanin da babu abin da ya same shi. Abin da ta sa masa a baki ba maganinsa ba ne. Ƙwayar ƙarin jini ce, irin wadda ake ba masu ciki a wurin awo, ƙarama, rawaya, ba ka raba ta da tasa sai ka kai ta kusa da ido. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana ba shi ita safe da yamma, kuma duk faɗin Jega babu wanda ya san haka sai ita da Allahn da ya halicce ta.

Surukarta, Inna Gudiya, tana tsaye bakin ƙofar ɗakin. Tun jiya da la'asar ta iso daga Katanga, ko mayafinta ba ta cire ba.

"Kin ba shi?"

"Na ba shi, Inna."

"To, kun gani," in ji tsohuwar, ta juya tana yi wa tsakar gida magana. "Kullum ana ba shi, ba a taɓa tsallake rana ba, amma dibi yadda yak koma. Wanga ciwo ba na asibiti ba na. Tun hwarko na hwaɗi."

Maccido direba ne, kuma ba direban banza ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana ɗaukar albasar Aliero a babbar mota yana kai ta kudu, bai taɓa taka ko kaza ba. Sai shekara uku da suka wuce taya ta fashe masa a wata kwana kan hanyar Maiyama, mota ta kife, amininsa Rabi'u da ya rage wa hanya ya mutu nan take. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, kuma wannan ne ya cinye shi. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar inji ta zama abin tsoro, har aka kai shi asibiti aka ɗora shi kan wannan ƙwaya, uku a rana. Ta dawo masa da barci kam, har ta yi masa yawa. Mutumin da ke kwana yana tuƙi ya koma kiran fasinja a tasha, yana gyangyaɗi kan benci, abokan aiki na yi masa dariya a bayan ido.

Bayan an yanke jihar Kebbi, sai aka sami wani likita a Birnin Kebbi da ya duba katinsa ya girgiza kai. Ya ce maganin ya daɗe a jikinsa, lokaci ya yi da za a rabu da shi, amma a hankali. Ya sa aka kira Yalwa ciki, tunda ita ke ba shi, ya yi mata bayani da Hausa tsantsa ba tare da gaggawa ba. Rabin ƙwaya za a riƙa ragewa duk bayan sati uku. Ya ɗaga yatsa ya ce mata, ko da wasa kada a tsayar da shi a rana ɗaya, don jikin ya saba, zai birkice, har faɗuwa mutum yakan yi. Ta gyaɗa kai ta ce ta ji. Ta ji ɗin kuwa, ba za ta taɓa cewa ba a gaya mata ba.

Abin haushin shi ne, tafiyar tana kyau. Da reza take raba ƙwayar a kan murfin samira. Duk ragewa takan zo masa da kwana uku ko huɗu na rashin sukuni, gumi da bugun zuciya da saurin fushi, amma sun koyi yadda za su bi da su. Ya bar goro da shayi kamar yadda aka ce. In abin ya taso sai ya fita ya taka har bakin gulbi ya dawo, ita kuma ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a wuya, ta murza masa ƙafafu da man gyaɗa tana ba shi labarin mutanen ƙauyensu har ya yi dariya. Daga uku sun sauko ɗaya da rabi. Idonsa ya fara washewa, har ya koma tsokanarta cewa ta zama malamar asibiti mai reza.

Sai ta je suna gidansu a Kashin Zama. A can ta ji cewa Alhaji Bature na Aliero ya sayi sabuwar mota yana neman direba, kuma da bakinsa ya ce direba irin Maccido babu, sai dai shi ba ya ba mai barci kan sitiyari mota, ran da ya bar ƙwaya ya zo. Cirar albasa saura wata ɗaya. Lissafin likita kuwa sai an yi ruwan fari zai ƙare. Yalwa ta dawo Jega da wannan magana tana ci mata rai. Ta dubi ƙwaya ɗaya da rabin nan, abin da bai kai ƙwayar gero uku ba, ta ce a ranta wai wannan ɗin ne zai hana mutum komawa mutum? Tsoro ne kawai ke riƙe da shi. In bai san an daina ba, jikinsa ma ba zai sani ba, ran da ya cika wata guda sai ta buɗe masa gwangwani ta ce ga shi, ka warke tuntuni. Har fuskar da zai yi ta gani. Ta juye nata na awo a gwangwaninsa, nasa kuma ta zuba a masai don kada zuciyarta ta karaya ta koma. Wayon da ta yi ke nan, kuma a ranar ta ji kanta mace mai dabara.

Kwana uku lafiya lau, har tana rera waƙa wajen wanke-wanke. A na huɗu hannu ya fara rawa. Daga nan barci ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Dakan maƙwabta ya koma masa kamar a cikin kansa ake yi, har ya toshe kunne da auduga. Ya ce kiyashi na bin fatarsa, ya tuɓe riga ya karkaɗe babu komai. Tsumman ruwa bai yi aiki ba, tafiya gulbi ta gagara, sai ya zauna ya rungume turmi yana jan carbi, yana cewa haukar ce ta zo gaba ɗaya. Ita kuwa kullum sai ta ce wa kanta gobe zai lafa, ai da ma kwana huɗu yake yi. Jiya da hantsi ya lallaɓa tasha, ya yanke jiki ya faɗi gaban jama'a, yana shure-shure, kumfa na fita da jini. Mutum huɗu suka kawo shi gida a kan tabarma.

"Mota ta iso! Ku hito mu tai, rana na yi."

Muryar Rufa'i ce daga zaure, yayan Maccido, mahauci a kasuwa, mutumin da in ya yanke magana ba a ɗinke ta. Shi da Inna sun gama shawara tun jiya. Akwai wani Malam Yari a wani ƙauye gaba da Maiyama da ke karɓar masu irin wannan lalura. Kowa a Jega ya san yadda ake yi a can, kwana arba'in, rubutu da hayaƙi, da mari a ƙafa. Abin da Yalwa ta sani wanda su ba su sani ba shi ne, kwana arba'in ɗin nan babu ƙwaya ko ɗaya, kuma likita bai ce faɗuwar sau ɗaya take zuwa ba.

Ta ɗaure masa riguna biyu da bargo a zane. Inna ta shigo tana taya ta, ta dafa kafaɗarta.

"Ke zauna gida, ɗiyata. Da wanga ciki ina za ki?"

"Inna," in ji Yalwa. "Akwai wata magana."

"Mi?"

Tsohuwar ta zuba mata ido, ido mai tausayi, jajur saboda kuka. Yalwa ta ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan. Macen da ta taɓa maganin mijinta a ɓoye, wa zai tsaya jin dalilinta? Kafin magariba an kai labari bakin rijiya cewa sammu ta yi masa. Rufa'i zai sa a ba ta takarda, ta koma Kashin Zama da ciki ta haihu a ɗakin uwarta, ubanta ya kasa ɗaga kai a masallaci.

"Bargon nan bai bushe sosai ba," ta ce.

"Ya bushe can," in ji Inna.

Maccido ne ya hana a bar ta. Da aka kama shi za a fita, ya toge a bakin ƙofa ya ce in ba da ita ba, ba ya zuwa ko'ina, ita kaɗai ta san yadda ake yi da shi in abin ya taso. Rufa'i ya yi tsaki ya ce to ta shigo. Haka suka jeru a bayan fijo, Inna a gefe, Yalwa a tsakiya, Maccido jikin taga ya rufe fuska da rawani don haske na soka masa ido. Rufa'i na gaba tare da direba, Maiwada, tsohon abokin aikin Maccido, wanda ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ƙi yarda su haɗa ido.

Gari ya fara cika da motocin albasar farko, buhu kan buhu, warinta har cikin mota. Duk wadda ta wuce sai Maccido ya zabura ya damƙe gwiwarsa. Da suka iso mararraba inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu, Yalwa ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Yaya, da an hwara biyawa wurin likitan nan. Ko ba komi shi gane shi."

Rufa'i bai ko waiwayo ba.

"Shekara nawa muna biyawa? Ke da kanki kin yi iya yinki, kowa ya shaida. In da maganinsu na yi, da ya yi a hannunki."

Maiwada ya karya sitiyari ya ɗauki hanyar Maiyama. Yalwa ta bi ɗaya hanyar da kallo har ta ɓace. Kula da ta yi da shi wata da watanni, ita ce yau ta zama hujjar kai shi mari, kuma babu mai iya rushe hujjar sai ita.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ta yi mata tsawo. Gumin Maccido ya jiƙa mata gefen zane. Jikinsa na karkarwa a jikin nata ba ƙaƙƙautawa, ɗan cikin kuma na motsi ta ɗaya gefen. Da suka kusa kwanar nan da motarsa ta kife, Maiwada ya rage gudu ba tare da an ce masa ba. Inna ta fara karanto addu'a da ƙarfi, tana tofawa ta taga.

"Nan na," ta ce. "Nan sunka kama shi. Wuri ya sha jini, ba a yi mai komi ba."

Maccido ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa yana numfashi da baki. Yalwa ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan gora ta ɗora masa a wuya kamar yadda ta saba.

"Ja numhwashi a hankali," ta raɗa masa. "Ƙirga tare da ni."

Ya ƙirga tare da ita har goma, ya sake, ya sake. Yana bin muryarta da yarda irin ta wanda bai taɓa zarginta da komai ba, ita kuwa kunya da tsanar kanta suka cika ta.

Gidan Malam Yari na bayan gari, katangar laka da manyan itatuwan dogonyaro. A inuwa akwai mutum biyar ko shida a kan tabarmi, ƙafafunsu cikin ƙarfe. Ɗaya na ta yi wa baƙin murmushi, ɗaya ya juya wa duniya baya yana kallon bango. Malamin dattijo ne siriri mai sanyin murya, ba irin wanda Yalwa ta zana a ranta ba. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa, ya saurari Rufa'i har ya gama ba tare da ya katse shi ba. Sannan ya faɗi ƙa'idar gidansa. Kwana arba'in, iyali ba sa zuwa sai an aika musu. Maganin asibiti a bakin ƙofa yake tsayawa, ba ya haɗa nasa da na wani.

"Mari kuwa ba don mugunta ba na," ya ce. "Akwai rijiya bayan gida, akwai hanya. In abin ya motsa musu ba su san inda su ka jehwa ƙahwa ba."

Ya aika aka kira maƙeri. Mutumin ya zo da guduma da 'yar uwar maƙera da ƙarfen a hannu, ya gaishe su kamar wanda ya zo gyaran garma, ya tsuguna. Ya gwada bakin ƙarfen, ya ga ya matse, ya ɗora shi ya buga sau biyu don ya buɗe. Kowane bugu sai da Maccido ya dafe kunnuwa ya yi ƙara. Amma da maƙerin ya ce ya miƙo ƙafa, sai ya tattare wandonsa da kansa ya miƙa, ƙafar na rawa a kan ƙasa. Ya ɗago ya nemi Yalwa da ido.

"Ki yahe mani," ya ce. "Na so in warke miki kahin ki haihu. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Kin ga ko rana guda ban ƙi sha ba."

Maƙerin ya zura ƙarfen a idon sawu ya ɗaga guduma.

"Tsaya!"

Ita kanta ba ta san muryarta na da wannan ƙarfi ba. Duk wurin ya juyo, har mai kallon bango. Ta miƙe tsaye ba ta san lokacin da ta miƙe ba, ta kwance bakin zanenta ta fito da gwangwanin, ta buɗe shi ta juye a tafin hannunta gaban Malam.

"Wanga ba maganinai ba na. Nawa na, na awo. Nashi na zuba masai yau kwana goma sha ɗaya. Likita ya ce kada a tsai da shi rana guda, ya ce har hwaɗuwa a ka yi, na ji da kunnena, kuma nit tsai da shi. Ba iska ba ta, Malam. Ni ta."

Ta so ta ƙara da zancen Alhaji Bature da motar, amma kuka ya toshe maganar, kuma ko a kunnenta dalilin ya yi ƙanƙanta. Maƙerin ya sauke gudumarsa a hankali. Rufa'i ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Inna Gudiya ce ta fara samun magana.

"Ɗana?" ta ce, tana dafa ƙasa tana tashi. "Ina ce miki ɗiyata, ashe ɗana ki ka kashewa? Kina kallo munka kwana muna kuka? La'ilaha illallahu! Babba, ka ji mi tac ce?"

"Na ji," in ji Rufa'i. "Ba ta sake kwana gidanmu."

Yalwa ta sunkuyar da kai. Abin mamaki, wani sauƙi ta ji ya sauko mata. An faɗa, an gama. Duk abin da za su yi mata ta ci, kuma a shirye take ta ɗauka.

"Ni nis sa ta."

Maganar ta fito a dagule, sai da ya maimaita. Maccido ya zare ƙafarsa daga ƙarfen da ba a rufe ba, yana kallon ƙasa.

"Ni nic ce ta zubar. Na ji Alhaji Bature na neman direba, nig gaji da jira. Ta ƙi, ta yi kuka, nim matsa mata, nic ce in ta hwaɗa ma kowa ban yahe ba. Na awon ma ni nic ce ta riƙa ba ni don kada ku gane. Laihina take son ɗauka."

Ashe ya san da zancen motar. To, a tasha yake wuni, ina labarin mota zai wuce shi? Ya ji, ya haɗiye, ya ci gaba da bin lissafin likita rabi-rabi. Yalwa ta buɗe baki.

"Malam, ba haka..."

"Yi shiru," ya ce, bai ɗago ba. "Ya isa."

Malam Yari ya dubi mijin, ya dubi matar, ya daɗe yana shafa gemu. Abin da ya gani ya bar wa kansa.

"To, wanga ba nawa ba na," ya ce. "Ku maishe shi ga wanda yab ba shi magani, kuma yau, kada ku kwana. Ku hwaɗa mai gaskiyar kwanakin. Maƙeri, kwashe kayanka."

Fushin Rufa'i bai ragu ba, wuri kawai ya sauya. Ya tsaya kan ƙanensa ya wanke shi tas, ya kira shi sakarai, babba da shi yana wasa da ransa saboda mota, ya tayar da tsohuwa daga ƙauye, ya sa mace mai ciki ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Maccido na zaune yana karkarwa yana cewa a yi haƙuri. Aka kira azahar, mazan suka shiga masallacin gidan, Inna ta bi wata mata ciki don yin alwala. Maiwada ya kama Maccido ya zaunar da shi a mota, ya bar ƙofa buɗe don iska, shi ma ya tafi.

Yalwa ta tsaya jikin ƙofar. Ta sunkuyo kusa da shi.

"Ka sani tun da?"

"Ban sani ba sai yanzu."

Yana kallon bayan kujerar direba. Hannayensa na kan cinyarsa suna ta rawarsu.

"Kwana goma sha ɗaya, Yalwa. Ina zaton hauka ta. Har roƙon Allah na yi shi ɗauki raina kahin ɗan nan shi zo shi ishe ubanai haka. Kina nan zaune kina ji."

"Bari in hwaɗa musu gaskiya. Don Allah ka bari. Su kore ni, na yarda."

"Su kore ki, wa za ya raba mani ƙwaya? Kin yi naki. Wanga nawa na. Kada ki maishe ni maƙaryaci gaban uwata."

Ta miƙa hannu za ta gyara masa rawanin da ya zame. Ya kai nasa hannun mai rawa ya gyara da kansa.

Da aka idar da salla suka ɗauki hanya, Maiwada na taka mota don su riski asibiti kafin a tashi. Rufa'i na gaba yana ta huci shi kaɗai. Suka wuce Maiyama. Can sai Inna Gudiya ta fyace hanci da bakin mayafi, ta juyo.

"Ki yahe mani abin da nic ce, ɗiyata. Zahin zuciya na. Ashe ke ad da babban kaya, ke ɗai, ga ciki, ga wanga mai taurin kai, kuma har kina son rufa mai asiri da kanki." Ta leƙa ta harari ɗanta. "Ka ji kunya, wallahi. Irin wagga mace sai an tona."

Maccido ya juya fuskarsa wajen taga. Tsohuwar ta kwance ɗan zanen da ta yafa, ta ninke shi ta cusa wa Yalwa a bayan ƙugu inda kujera ke dukanta, sannan ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta tana shafawa.

"Kwanta nan. Kin wahala."

Yalwa ta kwantar da kanta a kafaɗar, idonta a buɗe. Har suka shiga Birnin Kebbi hannun tsohuwar bai daina shafa ta ba.